Yadda Za Ka Gwada Sabon Iri a Gonarka Kamar Yadda Masanan Samaru Suke Yi

Da zarar watan Mayu ya kama, hirar majalisu a Kibiya da Tarai da Durba takan koma kan iri da taki. Wani ya ce sabuwar masarar da ya shuka bara ta kusa ninka masa abin da ya saba samu. Wani ya ce shi ma ita ya shuka, bai ga komai ba sai furen wuta-wuta. Babu maƙaryaci a cikinsu. Sai dai maganar kowannensu ba ta isa hujja ba, domin gonakinsu daban, ranar shukarsu daban, takin da kowa ya zuba ma daban.

Irin wannan gardama ce masana kimiyyar noma suke rabawa kullum. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru ta Zariya, kuma a 1962 cibiyar ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce ake kira IAR. Duk irin da ka ga sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa, daga can sunan ya fito. Suna da tashar gwaji a Kadawa, ba nisa da mu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, mafi yawan aikin nan a gona ake yin sa, da igiya da turaku da sikeli da littafi. Manomin da ke da waɗannan huɗu zai iya bin hanyar da suke bi. Za mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: an kawo maka sabon irin masara, an ce yana jure wuta-wuta, kana son ka san ko gaskiya ne a taka gonar.

Mataki na 1: Taƙaita tambayarka

"Wane iri ne ya fi kyau?" ba tambayar da gona za ta iya amsawa ba ce. Ya fi kyau a ina, kuma ta wace fuska? Ka matse ta har ta zama haka: a gonata ta jigawa da wuta-wuta ya kama, da takin da na saba iya saye, shin sabon irin zai ba ni hatsi fiye da wanda nake shukawa? Wannan tana da amsa, kuma sikeli ne zai ba da ita.

Mataki na 2: Nemi abin da aka riga aka sani

Masani ba ya fara aiki sai ya bincika abin da na gaba da shi suka gano, don kada ya ɓata damina yana neman abin da ke rubuce. Kai ma ka tambayi malamin gona. Hukumar KNARDA tana da ofishin shiyya a Rano. Ka tambayi dattawan da suka noma wannan ƙasa kafin a haife ka, su ne za su gaya maka wace kusurwa ce ruwa ke kwanciya, ina aka taɓa yin juji, ina shanu suka saba kwana.

Game da wuta-wuta, wanda wasu ke kira ƙuduji, an san abubuwa da yawa. Ƙwayar irinsa kamar ƙura take, tsiro ɗaya yana zubar da dubun dubata, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Abin da take jira shi ne wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. Idan ta ji shi sai ta tsiro, ta laƙe wa saiwar dawa ko masara ko gero, ta yi ta tsotsa a ƙarƙashin ƙasa makonni kafin ka ga ta leƙo. Ke nan lokacin da furen ya bayyana an riga an yi ɓarna mai yawa. A 1966 ne wasu masana a Amurka suka fara ware wannan sinadari, kuma daga saiwar auduga suka same shi. Su ma ba don Allah suka tashi ba, wani jinsin ciyawar ne ya ɓulla a gonakin masararsu a shekarun 1950. Abin sha'awa, auduga tana tayar da ƙwayar amma ba ta ciyar da ita, sai ta tsiro ta mutu. Daga nan aka fahimci dalilin da ya sa juya gona da auduga ko waken suya ke rage wuta-wuta. An kuma tabbatar da abin da manoma suka daɗe suna faɗa, cewa gonar da ta gaji ita ya fi addaba.

Wani abu da zai amfane ka: irin da aka inganta kashi biyu ne. Akwai wanda ke rage yawan wuta-wutan da ke laƙe masa, akwai kuma wanda ciyawar za ta fito jikinsa amma duk da haka ya yi goyo. SAMMAZ 15 na cikin waɗanda aka sani da juriya. Don haka ganin fure a gona kaɗai bai isa ka ce an yaudare ka ba.

Mataki na 3: Rubuta hasashenka kafin ka shuka

Ka rubuta a shafin farko abin da kake zato, da abin da idan ka gan shi za ka yarda zatonka bai yi daidai ba. Misali: ina zaton sabon zai fi, idan bai fi tsohon ba a yawancin wuraren da na haɗa su, zan bar shi. Dalilin rubutawa tun yanzu shi ne, wanda ya kashe kuɗinsa a kan iri zuciyarsa tana son irin ya yi nasara, kuma bayan girbi uzuri ba ya wuyar samu.

Mataki na 4: Ajiye shaida, ka canza abu ɗaya tak

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mafi yawan gwajin majalisa ke rushewa. Sabon iri ba ya da ma'ana shi kaɗai, sai an ajiye tsohon a gefensa, a gona ɗaya, a damina ɗaya. Tsohon shi ne shaidarka. Kwatanta bana da bara ba gwaji ba ne, domin ruwan bana ba na bara ba ne.

Bayan iri, komai ya zama ɗaya. Huɗa ɗaya, shuka rana ɗaya, tazara ɗaya, noman farko da maimai rana ɗaya, taki awo ɗaya. Abin da yakan faru shi ne, mutum ya sayi iri mai tsada sai ya zaɓa masa wuri mafi kyau kusa da gawo, ya ƙara masa hannu idan ana zuba yuriya, ya fara nome shi kafin sauran. Da kaka sai ya ce irin ne ya yi. Wataƙila irin ne, wataƙila gatan ne, ba mai iya rabewa. Ka auna takin kowane yanki da gwangwani guda, a shafe bakinsa, kuma idan 'yan ƙwadago ne za su zuba ka tsaya a kansu.

Idan kana son ka ga yadda masana suka ɗauki shaida da muhimmanci, ka dubi wani fili da ke Samaru. A 1950 aka yanka shi gida 81 don a gwada kashin shanu da sinadaran taki uku, wato naitirojin da fosfaros da fotashiyam, kowanne a mataki uku: babu, kaɗan, da ƙari. A ciki har da yankin da aka ware ba a ba shi komai, don a riƙa auna sauran da shi. Shekaru aka kwashe ana shukawa ana aunawa. Abin da ya fito shi ne, inda aka dage da takin zamani mai naitirojin shi kaɗai shekara da shekaru, ƙasa ta yi tsami kuma amfani ya ja baya, inda kuwa aka haɗa shi da kashin shanu ƙasa ta riƙe ƙarfinta. Da damina ɗaya aka yi aka tashi, da ba a ga haka ba, domin a shekarun farko takin zamani ba ya nuna illarsa.

Mataki na 5: Maimaita, kuma ka bar ƙuri'a ta zaɓi wuri

Raba gona biyu, gabas sabo yamma tsoho, bai wadatar ba. Babu gonar da ƙasarta ɗaya ce daga iyaka zuwa iyaka, balle wuta-wuta da ke kama wuri tsibi-tsibi. A ƙasarmu ta Rano da Kibiya mai duwatsu da gangare, taku ashirin ma na iya raba ƙasa mai zurfi da mai tsakuwa.

Ga yadda za ka yi. Ka fitar da tagwayen yankuna biyar, wato yanki 10 ke nan. Kowane yanki kunya shida, tsawon mita 12, tsakanin kunya da kunya santimita 75. Duka filin bai wuce murabba'in mita 540 ba, kaɗan ya ɗara kashi ɗaya cikin ashirin na hekta, don haka ko sabon irin ya ƙi ba za ka rasa abincin gida ba. Yankuna biyun da ke tagwaye su kasance manne da juna a ƙasa iri ɗaya. Idan gonar tana da gangare, ka jera su kafaɗa da kafaɗa, kada ɗaya ya kasance a sama ɗaya a ƙasa. Ka kauce wa suri da inuwar bishiya da bakin hanya.

Sai zaɓen wanda zai hau wane yanki. Kada ka zaɓa da kanka. Ka rubuta "sabo" da "tsoho" a 'yan takardu biyu, ka naɗe, ka jefa a hula, yaro ya ɗauko; abin da ya fito shi ne na hannun dama. Ka sake haka a kowane tagwaye. Ko da ƙuri'a ta ba sabon irin wurin da ba ka so, ka bar shi. Nan take ka zana taswirar filin a littafi, domin turaku na ɓacewa, yara da awaki ba su san bincike ba.

Wannan dabara tana da tarihi. A Rothamsted ta Ingila akwai gonar alkama da ake gwajin taki a cikinta tun 1843. A 1919 suka ɗauki wani masanin lissafi, Ronald Fisher, don ya duba tulin alƙaluman da suka tara. Shi ne ya nuna cewa sai an maimaita gwaji a yankuna da dama, an haɗa masu kama da juna wuri guda, sannan an bar ƙuri'a ta raba, kafin a iya bambance aikin taki da sa'ar ƙasa. Yau da wannan ƙa'ida ake gwada magunguna da alluran rigakafi a duniya, amma a gona aka haife ta.

Mataki na 6: Rubuta abin da ka gani a ranar da ka gan shi

Ranar shuka, ranar taki, ranar noma. Bayan mako biyu ka ƙirga tsiron da ya fito a kowane yanki, don idan wani iri bai tsiro da kyau ba ka san tun nan matsalar ta fara. Ka kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, bayan kowane ruwa ka tsoma rula ka rubuta, ka zubar. A mako na 8 da na 10 bayan shuka ka ƙirga wuta-wutan da ya fito a kunyoyin tsakiya, haka masu binciken masara suke yi. Ka rubuta ranar da kowane iri ya fitar da tuta, da wanda tsutsa ta fi ci, da wanda iska ta kayar. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne, kuma idan akwai ɗan sakandare a gida ka damƙa masa littafin. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka ce za ka tuna.

Idan shanu suka shiga suka cinye wani yanki, ka rubuta haka, ka cire wannan tagwaye gaba ɗaya daga lissafi. Amma yankin da ya lalace don irin bai yi ba, ba a cire shi, ai shi ne amsar da kake nema.

Mataki na 7: Girbi da awo

Kada ka girbe yankin duka a matsayin gwaji. Ka bar kunya ta farko da ta shida, ka bar mita ɗaya a kowane kai, domin shukar gefe tana cin iska da rana da takin maƙwabta. Abin da ya rage kunya huɗu ne masu tsawon mita 10, wato murabba'in mita 30. Kowane yanki da buhunsa, da lamba a ciki da waje. Ka shanya su daban-daban har su bushe daidai da juna, ka ɓare, ka sheƙe, sannan ka auna. Masarar da ba ta gama bushewa ba ruwa kake aunawa. Sikeli ya fi kwano, amma idan kwano ne kaɗai ke akwai, ya zama guda ɗaya kuma mutum ɗaya ke awo. Ya fi kyau mai awon ya zama wanda bai san wace lamba ce sabon iri ba.

Don ka mayar da shi lissafin hekta, ka ninka abin da ka samu sau 333. Kilo 6 a yanki ya zama kusan kilo 2,000 a hekta, buhu 20 ke nan mai kilo 100.

Mataki na 8: Karanta sakamakon ba tare da son rai ba

Ka fara duba tagwaye ɗaya bayan ɗaya, wa ya ci a kowanne. Da a ce irin biyu ba su da wani bambanci, to kowane tagwaye canki-canka ne, kuma yiwuwar sabon ya cinye duka biyar bisa sa'a kawai ita ce 1 cikin 32. Masana sukan fara ɗaukar sakamako da muhimmanci idan yiwuwar sa'a ta gaza 1 cikin 20, don haka biyar cikin biyar magana ce mai ƙarfi. Amma cin huɗu ko fiye cikin biyar yana faruwa bisa sa'a kusan sau 1 cikin 5. Wannan alama ce kawai, ba hukunci ba. Uku da biyu kuwa kunnen doki ne, ko da wani yanki guda ya yi abin mamaki.

Bayan haka sai lissafin aljihu. Ka haɗa awon yankunan sabo ka raba biyar, ka yi haka ga tsoho, ka ga ratar. Ka mayar da ita kuɗi bisa farashin kaka, ba na bazara ba, ka cire kuɗin iri. Idan iri mai aure ne, ka tuna duk shekara sai ka sake saye. Kuma kada ka ajiye iri daga filin gwajin, domin masara tana barbara ta iska, biyun sun riga sun gauraya.

Sikeli ba shi ne ƙarshen magana ba. A niƙa kowanne daban a ba uwargida ta tuƙa, ba tare da an gaya wa masu ci wanne ne wanne ba. A duba wanda ya fi auki, wanda ya fi kwana, wanda ƙwari suka fi saurin kamawa a ajiya. An sha fitar da iri mai yawan amfani manoma su ƙi shi saboda tuwonsa, kuma a ganina suna da gaskiya.

Idan sabon bai fi ba, gwajinka bai faɗi ba. Ka tsira da kuɗin da za ka zuba a hekta guda.

Mataki na 9: Nuna wa mutane, ka sake baɗi

Masani ba ya ɓoye yadda ya yi aikinsa. Yana bayyana shi ne don 'yan'uwansa su nemi kuskure a ciki, su kuma maimaita su gani ko za su sami abin da ya samu. Ka kira maƙwabta su zaga filin tun masara tana tsaye, ka buɗe musu littafin. Wanda ya ce ai wancan yankin tsohon makwancin shanu ne, ya taimake ka, bai ƙaryata ka ba. Idan mutum biyar a Fammar da Kahu da Rurum suka yi gwaji iri ɗaya suka haɗa littattafansu, abin da suka samu ya fi na mutum ɗaya nauyi nesa ba kusa ba.

Damina ɗaya kuma ba ta yanke hukunci. Dattawa suna tuna 1975, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta shafe gonakin gyaɗa a Arewa. Irin da ya yi kyau shekaru ya faɗi a damina guda, kuma sai da masu bincike suka daɗe suna aiki kafin a sami nau'o'in SAMNUT masu jure cutar kuma masu saurin nuna. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa a IAR, ya yi kusan shekara 10 a filin gwaji kafin a sake shi ga manoma a ƙarshen 2019. Kai shekara biyu ko uku sun ishe ka, musamman idan an dace ɗaya mai ruwa ce ɗaya mai fari.

Wanda ba shi da gona ma yana da abin gwadawa, kuma mata sun fi kowa dacewa da wannan. Buhun PICS mai ruɓi uku na ajiyar wake, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, ya samo asali daga aikin Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa a arewacin Kamaru, kuma Ibrahim Baoua na cibiyar INRAN a Maraɗi na cikin waɗanda suka yi ta gwada shi. Kowa ya ɗauka rashin iska kaɗai ke kashe ƙwarin. Da aka bincika sai aka ga har da ƙishirwa: ƙwaron yana samun ruwan jikinsa ne ta hanyar sarrafa abinci da oksijin, idan iskar ta ƙare sai ya daina ci ya bushe. Da aka tashi yaɗa buhun daga 2007, a ƙauyuka aka riƙa ɗaure wake, bayan watanni a kwance a gaban jama'a kowa ya gani. Ke ma za ki iya. Ki sami busasshen wake daga tuli ɗaya, ki zuba kashi uku a jarkoki masu murfi mai kamawa, a cika su taf, kashi uku kuma a buhu na yau da kullum, babu magani a ko ɗaya. Kada a buɗe sai bayan wata huɗu. Ranar buɗewa ki ɗebo ƙwaya 100 daga kowanne, ki ƙirga masu huji.

Ɗan'uwa manomi, kafin ruwan shuka ya sauka ka nemi irin daga hannun da aka amince da shi, a cikin ledarsa mai suna da lamba, ka tanadi igiya da turaku 40 da littafi na 'yan makaranta. Ka yi magana da maƙwabta huɗu ku yi tare, kuma ku sanar da malamin gonar yankinku tun ranar da za ku auna fili. Allah ya ba mu damina mai albarka.